Daga Tukunyar Zoɓo Zuwa Ramin Zinare: Darasin Sinadarai a Bakin Tafkin Kainji

Duk matar da ke haɗa zoɓon sayarwa a Yelwan Yauri ta san abin da kan faru idan ɗan gutsuren kanwa ya faɗa cikin kofi. Jan nan da yake wur sai ya dushe, ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Ta kuma san maganinsa: a yanka lemun tsami a matsa, ruwan ya ɗan yi kumfa, jan ya dawo. A cikin gidan nan kuwa, watakila a kan tabarmar da ke gefen murhu, 'yarta da ke aji ɗaya na babbar sakandare tana ta haddace cewa takardar litmus shuɗiya kan koma ja a cikin asid, ja kuma kan koma shuɗiya a cikin bes. Ba ta taɓa riƙe takardar a hannunta ba. Ba kuma wanda ya gaya mata cewa abin da ya faru a kofin innarta shi ne ainihin darasin da take wahalar haddacewa.

Wannan tazara tsakanin allo da madafi abin damuwa ce a ko'ina, amma a Yauri da Ngaski da Shanga ta fi ciwo. Yanki ne da ake su, ake noman albasa da shinkafa, ake kuma haƙar zinare, kuma kowace daga cikin sana'o'in nan tana tafiya ne a kan dokokin da ke babin farko na littafin kimiyyar sinadarai.

A fara da harshe, tunda shi ne ma'aunin da Bahaushe ya fara amfani da shi. Abin da malamai ke kira asid, dangin tsami ne. Tsamin lemu asid ne, tsamin tsamiya wani asid ne daban, haka na kindirmo da na kunun da ya kwana, waɗanda ƙananan ƙwayoyin halitta ke samarwa idan sun ci sukarin da ke ciki. A cikin tumbin mutum ma akwai wani mai ƙarfin gaske da ke narkar da abinci. Abin da ya haɗa su zumunci shi ne, da zarar sun shiga ruwa sai su saki ƙwayoyin haidurojin masu ɗauke da caji, kuma yawan waɗannan ƙwayoyi shi ne ƙarfin tsamin. Kishiyarsu, wato bes, dangin kanwa ne: kanwar kanta, ruwan toka, farar ƙasar shafe, sabulu, da sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Su kuma karɓe ƙwayoyin haidurojin ɗin suke yi. Ana gane su da ɗan ɗaci a baki da kuma santsi a tsakanin yatsu.

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda a makaranta ake koyar da shi daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana tsakiya, a kan 7. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, jinin mutum yana kusa da 7.4, ruwan kanwa yana wajen 10, soda mai kauri kuwa takan kai 13 ko 14. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne kowane taki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne. Abin da ke kan 3 ya ninka wanda ke kan 5 tsami sau ɗari. Kifin ruwan daɗi, irin karfasa da tarwaɗa, ya fi walwala a tsakanin 6.5 da 9, shi ya sa mai kiwon kifi a kududdufi yake buƙatar sanin wannan lissafi kamar yadda yake sanin farashin abincin kifinsa.

Zoɓo kuwa yana ɗauke da wani launi da ke sauya kama gwargwadon inda ya sami kansa, ja a cikin tsami, shuɗi zuwa kore a cikin kanwa. Aikin litmus ke nan daidai.

Kanwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin babu wani bes da ya shiga rayuwar Hausawa kamarta. Daga yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga fatake suka daɗe suna kawo ta, makiyaya su ba shanu, mata su jefa a tukunya. Tana sa wake ya nuna da wuri saboda tana sassauta abin da ya manne ƙwayoyin jikinsa, tana ƙara wa kuka da kuɓewa yauƙi, ba a kuma yin ɗanwake na kirki sai da ita. Idan ƙwannafi ya taso wa dattijo ya ce, “Yarinya, jiƙo mini 'yar kanwa,” abin da yake nema shi ne bes da zai kashe kaifin asid ɗin da ya hauro daga tumbinsa. Idan asid da bes suka haɗu, kowanne yakan karya lagon ɗan'uwansa, a sami ruwa da wani nau'in gishiri. Kanwa kuma tana ƙara sakin iskar kabon dayokzaid, wadda ita ce kumfar da aka gani a kofin zoɓo, ita ce kuma gyatsar da dattijon zai yi. Irin wannan lissafi ne ya sa mai sayar da kifi a bakin ruwa ke goge hannunta da lemu: ƙarnin kifin da ya fara jimawa daga dangin bes yake fitowa, tsami kuma yana ɗaure shi ya hana shi tashi.

Sai dai kowane amfani da kuɗinsa. Yawan kanwa a girki yana lalata bitamin B1 da ke cikin wake da hatsi. Ga kuma wani ruɗu na suna: a kasuwanni da yawa na Najeriya ana ce mata fotash, wanda ke nuna kamar fotasiyam ne ya cika ta, alhali mafi yawanta sodiyam ne, wato irin wanda ke cikin gishirin miya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗawainiyar ciki kuma ba ta son ƙarin kaya. Ungozoma da kakar jariri ba mugunta suke nufi ba, gata suke yi. Amma jikarsu da ta fahimci abin da ke cikin kanwa za ta iya cewa, “Kaka, a rage mata,” ta kuma faɗi dalili.

Toka ma tana da tarihinta. Kalmar alkali da Turawa ke kiran dangin kanwa masu narkewa a ruwa, daga Larabci suka aro ta, inda take nufin tokar tsirrai, kuma ba ta da alaƙa da alƙalin kotu duk da kamar da sunayen suka yi. Kakanninmu da suka tace ruwan toka suka dafa shi da mai suka sami sabulun salo, aikin da masana'anta ke yi a yau shi suka yi. Bambancin kawai, sodar zamani ta fi ruwan toka ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a nan haɗarin yake. Ruwan soda garai-garai yake kamar na sha. Idan aka zuba shi a gorar ruwa aka ajiye a tsakar gida, yaro ya kurɓa, yakan ƙone masa maƙogwaro ƙonewar da kan hana shi haɗiyar abinci har tsawon rayuwa. Mutane sun san tsoron ruwan batur, wanda asid ne mai cin tufa da fata, amma da yawa ba su san bes mai ƙarfi yana ɓarna irin tasa ba. Idan ɗaya daga cikinsu ya zuba a fata ko ido, ruwa mai yawa ake kwarara wa wurin na tsawon aƙalla minti 20, sannan a nufi asibiti. Ba a tsayawa neman kishiyarsa don a kashe shi, domin haɗuwar tasu zafi take fitarwa.

Rabi na biyu na darasin ya fi wuyar shiga kai, kuma wani ɓangare na wahalar daga harshe yake. Da kalma ɗaya, sinadari, Hausa take kiran abin da ke cikin magani da abin ɗanɗanon miya da ma'adinin ƙasa. Kimiyya kuwa ta raba su gida uku, kuma rabon yana da muhimmanci.

Gida na farko shi ne sinadarin asali, wanda ƙwayoyin zarrarsa iri ɗaya ne, ba kuma wata wuta ko wani asid da zai farfasa shi ya zama wani abu daban. Guda 118 aka sani a yau. Lokacin da Mendeleev na Rasha ya jera su a jadawalinsa a 1869, 63 kawai aka sani, ya bar gurabe ga waɗanda ya yi hasashen za a gano, aka kuwa gano su. Da yawansu suna da sunan Hausa tun kafin zuwan boko: zinare, azurfa, ƙarfe, jan ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta. Gida na biyu haɗaɗɗen sinadari ne, inda na asali biyu ko fiye suka ƙullu bisa ƙayyadadden kaso suka haifi sabon abu mai halinsa na kansa. Gida na uku gauraye ne kawai, kamar tsakuwa a cikin shinkafa, kowa yana nan da halinsa, ana kuma iya raba su da tankaɗe ko tacewa ko rairaya.

Tafkin Kainji ya isa misali. Ruwa kansa haɗaɗɗe ne, ƙwayar haidurojin biyu da ta iskar oksijin ɗaya. Ita ta farko iska ce mai kamawa da wuta, ta biyu kuma ita ke rura wutar, amma da suka ƙullu sai suka zama abin kashe gobara. Madatsar da aka kammala a 1968, wadda ta tashi mutane fiye da 40,000 daga tsibirai da garuruwan bakin kogi, ba ta sauya ko ɗigo ɗaya na ruwan ba. Nauyinsa da gudunsa take amfani da su wajen juya injinan lantarki, ya fita ta ƙasa yana nan ruwansa. Abin da mace ke ɗebowa a bakin tafki kuwa gauraye ne. A ƙarshen damina, lokacin da ambaliyar da ake kira farin ruwa ke sauka ɗauke da laka mai laushi, za a ga bokiti ya yini bai kwanta ba. A jefa ɗan alam, sai ƙwayoyin lakar su dunƙule su nutse. Ruwan ya yi haske, amma alam ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayoyin cuta, don haka tafasawa ko sa maganin kulorin yana nan a wuyan mai gida.

Shi kulorin nan abin mamaki ne. A kan kansa iska ce mai guba, har an yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sodiyam kuma ƙarfe ne mai laushi da ke tartsatsi idan ya taɓa ruwa. Su biyun ne suka ƙullu suka zama gishirin da ake barbaɗa wa giwan ruwa kafin a shanya. Kulorin ɗin dai, idan ya ƙullu da kabon da haidurojin ta wata siga, sai ya zama gamalin, maganin ƙwarin da wasu marasa tsoron Allah suka riƙa zubawa a ruwa don kifi ya taso, ya kashe manya da 'ya'ya, ya kuma bi cikin wanda ya ci. Halin haɗaɗɗen sinadari ba a gado yake samunsa daga iyayensa ba, daga yadda aka ƙulla su yake zuwa.

Manomin albasa ma yana cikin lissafin. Albasa tana zuƙar farar wuta daga ƙasa, idan wuƙa ta ratsa ta sai ta saki wata iska mai ɗauke da ita, ta shiga ido ta sa hawaye. Haruffa uku da ke jikin buhun takin NPK sunayen sinadaran asali ne: naitirojin, fosfaros da fotasiyam. Yuriya kuwa haɗaɗɗe ne wanda kashi 46 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne. Shekara da shekaru ana zuba irin wannan taki ba tare da na gargajiya ba yakan sa ƙasa ta yi tsami, amfanin gona ya riƙa ja da baya duk da kuɗin da ake kashewa. Toka ko farar ƙasa kan gyara hakan. Amma ba a cakuɗa yuriya da toka a zuba tare, domin bes zai kori naitirojin ɗin ya bi iska, manomi ya ji warinsa yana tashi da kuɗinsa.

Inda rabon nan na gida uku ya zama maganar rai da mutuwa shi ne ramin zinare. Ƙasar Yauri ta daɗe da suna a wannan harka, kuma da gwamnatin tarayya ta soma shirinta na tsara ƙananan masu haƙar zinare a 2020, jihar Kebbi na cikin inda aka fara. Matashin da ke tsugune a bakin rafi yana juya kwano yana zubar da yashi, raba gauraye yake yi. Zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, dutsen da yake ciki kuwa bai kai sau 3 ba, shi ya sa yake kwantawa a gindin kwano. Akwai wani dutse mai ƙyalli ruwan ɗorawa da ke yaudarar sabon shiga, haɗin ƙarfe da farar wuta ne, idan an buga shi farfashewa yake yi, zinare kuwa sai dai ya baje. Dillali yakan goga ƙarfen a kan baƙin dutse ya ɗiga masa asid: jabu ya narke ya ɓace, na gaske ya tsaya. Wannan taurin kan na ƙin haɗuwa da kusan kowa shi ne ya sa zinare ba ya tsatsa, shi ne kuma asalin darajarsa.

Matsalar tana farawa ne daga abokan tafiyarsa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dutsen da ake kawowa daga rami yana ɗauke da dalma mai yawa, ana daka shi ana niƙa shi a busasshe a cikin gida, wani lokaci da turmin da ake dakan hatsi. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Jihohin nan biyu duk maƙwabtan Kebbi ne, kuma ido ba ya iya rarrabe dutse mai dalma da marar ita, sai an gwada.

Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe daga wannan masifa shi ne yadda aka tsabtace ƙauyukan. Ba a fesa magani ba, ba a ƙona ba, ba a zuba asid ko kanwa ba, domin dalma sinadarin asali ce, babu abin da zai mayar da ita ba dalma ba. Sai da aka kankare saman ƙasar gida-gida, aka kwashe aka binne a nesa, aka shimfiɗa sabuwa. Yaran da suka kamu aka ba su maganin da ke kama dalmar a jini ya fitar da ita ta fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta cika gyaruwa ba. Dalmar ce kuma ke cikin farantan tsohon batur da ake fasawa a bayan gida, tana kuma cikin wasu nau'o'in kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai.

Zaiba tana da nata salon. Ita kaɗai ce ƙarfen da ke zama ruwa-ruwa a zafin ɗaki, kuma tana haɗiye ƙananan ƙwayoyin zinare. Masu haƙa a arewa maso yammacin Najeriya sukan zuba ta cikin niƙaƙƙen dutse, su matse a ƙyalle, su sami ɗan dunƙule mai launin azurfa, su ɗora a wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, sai ta tashi ta bar zinare. Mai ƙonawa yakan ɗauka wuta ta cinye ta. Ba ta cinye ta ba. Tururinta marar launi marar wari ya shiga huhunsa da na duk wanda ke kusa, saura ya sauka a ƙasa, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi. A cikin laka, ƙwayoyin halitta sukan ƙulla ta da kabon da haidurojin ta zama haɗaɗɗen da ya fi ta shiga jiki, ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, gubar tana taruwa tana hawa. Haka ya faru a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 a tsakanin iyalan masunta, har aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunan garin, Najeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Ga yankin da rafukansa ke gangarawa tafkin da ke ciyar da dubban masunta, wanda bandarsa ke tafiya kasuwanni masu nisa, wannan ba labarin wata duniya ba ne.

Samarin da ke cikin ramukan nan sa'o'in waɗanda ke aji ne, wasu ma su ne ke zuwa bayan an tashi daga makaranta. Shi ya sa bai dace a bar wannan babi a matsayin hadda don jarrabawar WAEC ko NECO ba. Malami a Wara ko Shanga da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje zai iya jera kofuna biyar na ruwan zoɓo marar sukari a kan tebur, ya ɗiga lemu a ɗaya, ruwan tsamiya a na biyu, ya bar na uku yadda yake, ya sa ruwan kanwa a na huɗu, tataccen ruwan toka a na biyar, yara su ga ma'aunin pH ya shimfiɗu a gabansu daga ja zuwa kore. Idan ya zo kan sinadarin asali, zai iya tambayarsu ina zaiba take tafiya idan an ƙona ta, ya bar su su yi ta muhawara da Hausa har su cimma amsar da kansu.

Daga amsar ne matakan kariya ke fitowa, kuma an riga an gwada su. A niƙa dutse da ruwa don ƙura ta kwanta, a yi aikin nesa da gida, a yi wanka a sauya tufa kafin a shiga wurin iyali, a hana yara da masu ciki zuwa wurin niƙa da ƙonawa. Don zaiba kuma akwai wata 'yar na'ura da mai walda zai iya haɗawa da bututun ƙarfe na famfo: a rufe dunƙulen a baki ɗaya a hura masa wuta, tururin ya bi ta lanƙwasasshen bututu ya huce, zaibar ta ɗiga cikin kwanon ruwa a ɗaya bakin, mai haƙa ya tattara abarsa ya sake aiki da ita gobe maimakon ya sayi sabuwa.